Yadda Za Ka Sayar Da Tsohon Firij A Jiji

Tun da na sayar da firijin gidanmu a Jiji, dandalin saye da sayarwa na intanet, ake ta tambayata yadda na yi. Ga shi daki-daki:

1. Wanke firijin tas, har robar bakin ƙofa.
2. Fito da shi tsakar gida da hantsi, ka ɗauki hoto 4 ko 5, ciki da waje.
3. Yi rajista a Jiji.
4. Zaɓi rukunin kayan gida da garinku.
5. Rubuta kamfaninsa, girmansa da shekarun da ya yi a hannunka. A kula: in an taɓa yi masa ɗurin gas, ko ƙofar ba ta kamawa sosai, ka faɗa. Ɓoye aibu cin haƙƙi ne, kuma da rigima za a dawo maka da shi.
6. Duba farashin irinsa.
7. Sa naka, ka bar wurin ragi, don dole a taya.
8. Tura tallar.
9. Mai saye ya zo, jona masa ya taɓa sanyin da hannunsa.
10. Hattara da alat na bogi! Ana yawan cutar mutane a nan. Buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin da idonka kafin a ɗora kaya a adaidaita sahu.
11. Sauke tallar, kiran waya ya tsaya.