Yadda ake gyara matsalar rubutun Tamil a kwamfuta

Mafi yawan waɗanda na gani suna fama da rubutun Tamil, harshen da ake yi a kudancin Indiya da Siri Lanka, a kwamfuta kuskure ɗaya suke yi. Da zarar haruffa sun ƙi fitowa daidai sai su bazama intanet suna sauko da samfuran haruffa, goma ko ashirin, suna ɗorawa ɗaya bayan ɗaya, alhali sau da yawa cutar tana wani wuri dabam. Kafin ka taɓa komai, dubi abin da ke kan allo da kyau, domin kamannin ɓarnar shi ne zai gaya maka inda ta fito.

Idan ƙananan akwatuna ka gani a jere, irin waɗanda muke gani idan ɓ da ɗ da ƙ namu sun faɗa hannun samfurin da bai san su ba, to rubutun lafiyarsa ƙalau, samfurin haruffan ne babu. Wannan ita ce mafi sauƙi. Windows tana zuwa da samfurin Nirmala UI tun daga Windows 8, kuma yana ɗauke da Tamil. Samfuran Latha da Vijaya, waɗanda tsofaffin takardu suka fi nema, an mayar da su cikin kayan ƙari a Windows 10, saboda haka sai ka shiga Settings ka nemo Tamil Supplemental Fonts cikin Optional features ka ɗora. Mai Linux ya ɗora Noto Sans Tamil ko Lohit Tamil, mai Mac kuwa yana da Tamil Sangam MN tun asali. Duk kyauta ne, kada wani ya karɓi kuɗinka a kansu.

Idan haruffan sun fito amma wasula sun zauna inda bai dace ba, ana bukatar ɗan bayani. Tamil tana da wasula 12 da baƙaƙe 18, haɗuwarsu tana ba da siffofi 216, in an tara waɗannan duka an ƙara da wata alama ɗaya da ake kira aytam jimilla ta zama 247. Kowane baƙi yana tafe da wasalin a a jikinsa, sai an sa masa ɗigo a bisa, wanda suke kira pulli, sannan wasalin ya faɗi, kamar dai aikin ɗauri a ajami. Wasu wasulan ana furta su bayan baƙi amma ana zana su kafinsa, wasu kuma suna rabuwa biyu su sa baƙin a tsakiya, kamar a கொ. Unicode, wato tsarin bai ɗaya da kwamfutoci ke adana haruffa da shi, tana adana baƙi tukuna sannan wasali, manhajar ce ke da alhakin juya su yayin nunawa. Gwajin da nake yi kullum shi ne sunan birnin Chennai, சென்னை, domin yana da irin waɗannan wasula har biyu da kuma pulli. Idan alamar mai lanƙwasa ta koma bayan baƙin farko, ko wani da'ira mai ɗige-ɗige ya bayyana a tsakiyar kalma, manhajar ce ba ta iya jera rubutun ba, kuma sauya samfuri ba zai yi magani ba. A InDesign, manhajar tsara shafukan ɗab'i, sai ka zaɓi sakin layin ka sa masa Adobe World-Ready Paragraph Composer. Tsofaffin Photoshop ma suna da irin wannan zaɓi a wajen saitin rubutu. Manhajar da ba ta da shi ko kaɗan, a ganina ɓata lokaci ne lallashinta, gara a shirya rubutun a wata a kawo shi a matsayin hoto.

Matsala ta uku ita ce ta taɓa cinye mini darare biyu, kuma a kanta zan daɗe. Lokacin da nake karatu a jihar Tamil Nadu ta Indiya an ba ni fayil ɗin katin gayyata daga wani shagon ɗab'i domin in gyara 'yan layuka. Na buɗe shi a Word sai na ga tarkacen haruffan boko da alamomi, inda ya kamata a ga தமிழ் an rubuta jkpo; kawai. Na zaɓi komai na sa Latha, bai motsa ba. Na sa Nirmala UI, haka nan. Ashe fayil ɗin da Bamini aka buga shi, wani tsohon samfuri da ya shahara musamman tsakanin Tamilawan Siri Lanka da masu ɗab'i, wanda ya ɗauki gurbin haruffan boko ya zana na Tamil a kansu. A wurin kwamfuta harafin j ne aka buga, Bamini ne kawai ke sa masa rigar த. In babu samfurin, sai boko ya fito tsirara. Bamini ba shi kaɗai ba ne, akwai TSCII, akwai TAB da TAM da gwamnatin Tamil Nadu ta amince da su a 1999, akwai Vanavil, kuma kowanne da nasa jerin lambobi, ba sa karanta juna.

Mataki na farko a nan shi ne ka gano wanne ne. Danna cikin rubutun ka dubi sunan samfurin da Word ta nuna a sama, domin tana riƙe da sunan ko da babu shi a kwamfutar. Idan karantawa ko bugawa a takarda kawai kake so, ɗora wannan samfurin ya wadatar. Idan kuwa za ka gyara rubutun, ko ka tura shi ta imel, ko ka sa shi a shafin intanet, dole ne ka juya shi zuwa Unicode da manhajar juyi irin su NHM Converter ko wadda ke cikin Azhagi, wata manhajar buga Tamil. Ka ajiye kwafin asali a gefe kafin ka fara. Ni ban ajiye ba. Na riga na buga gyare-gyarena da Unicode a cikin fayil ɗin Bamini, sannan na kwashe komai na zuba a manhajar juyi, ita kuwa ba ta bambanta boko na gaske da boko mai rigar Tamil, saboda haka sunayen baƙi da aka rubuta da Turanci da adireshin imel duk suka koma haruffan Tamil marasa ma'ana. Ka juya sakin layi ɗaya-ɗaya, ka tsallake duk abin da asalinsa Turanci ne, kuma ka sa wanda ya iya harshen ya duba sakamakon, musamman wuraren da wasali ke gaban baƙi, tunda Bamini yana adana su yadda ido ke gani, wato wasali tukuna, kuma nan ne juyi ya fi yin tuntuɓe.

Bayan rubutu ya nuna daidai sai maganar bugawa. Ka ƙara harshen Tamil a Settings na Windows, ka riƙa sauya kibod da maɓallin Windows haɗe da na tazara. Za ka tarar da zaɓi fiye da ɗaya. InScript tsari ne na bai ɗaya ga harsunan Indiya, kuma ban ga dalilin da zai sa wanda Tamil kaɗai yake bukata ya wahalar da kansa da shi ba. Mai bugawa jefi-jefi ya ɗauki na bin sauti, inda ake buga kalma da boko ta koma Tamil, irin Tamil Phonetic na Windows ko Anjal na Mac. Sai dai Tamil tana da l uku da n uku da r biyu, kuma a nan masu koyo ke zubar da mutunci, domin kalma takan fito da kyan gani amma da wata ma'ana. Wanda zai yi aiki kullum ya koyi Tamil99, wanda ya tara wasula a hannun hagu da baƙaƙe a dama, kuma yake sa pulli da kansa idan an maimaita baƙi. Kada ka bar manhajar bugawa irin Azhagi ko Keyman a kunne tare da kibod ɗin Tamil na Windows, su biyun za su riƙa kokawa a kan kowane harafi. A Linux, manhajar kibod ta ibus-m17n ta isa.

Sauran matsalolin na fita da fayil ne. Idan ka buɗe CSV, wato fayil ɗin jadawalin bayanai, a Excel ka ga à® tana maimaituwa ko'ina, fayil ɗin UTF-8 ne, wato wata hanyar adana Unicode, aka karanta da tsarin Turawan Yamma, sai ka rufe ba tare da adanawa ba, ka shigo da shi ta Data ka zaɓi 65001, lambar UTF-8. Idan alamomin tambaya zalla ka gani, an riga an adana shi da tsarin da bai san Tamil ba, haruffan sun salwanta, sai dai a koma ga wanda ya aiko. PDF kuma ka tabbata an cusa samfurin a cikinsa kafin ka kai wurin mai ɗab'i, kuma kada ka dogara da kwafo Tamil daga PDF, domin wasulan sukan fito a hargitse. Ka roƙi fayil ɗin Word na asali.