Yadda ake wanke hitar ruwa kafin hunturu ya kama

Yawancinmu ba ma tunawa da hitar banɗaki sai sanyi ya shigo. Wata da watanni tana rataye a bango, ruwa na kwance a cikinta. Ranar da aka kunna sai ruwan ya fito ja-ja, wani sa'in da warin ruɓaɓɓen ƙwai, a ɗora wa tankin sama laifi, alhali dattin yana cikin hitar.

Fara da kashe mata wuta, ka bar ruwan ya huce. In ka zuke ta da wuta a kunne, elimen ɗin, wato ƙarfen da ke zafafa ruwan, zai ƙone. Rufe famfon da ke kai mata ruwan sanyi, ka buɗe na ruwan zafi don iska ta shiga, sannan ka tara bokiti ka kwance bututun shigar ruwa.

Da ta tsiyaye, a buɗe murfin ƙasa a zaro elimen. In hannunka bai saba da waya ba, kira mai gyara. Gidan da ke amfani da ruwan burtsatse zai ga farin ɓawo ya lulluɓe ƙarfen, irin wanda ke kama gindin butar shayi, ga laka ta taru a ƙasa. Kwashe lakar da hannu, ka jiƙa elimen a binigar na wasu sa'o'i, ka goge da tsohon buroshi. Ban da kankara da wuƙa.

Kusa da elimen ɗin akwai sandar magnesiyam, wadda mutane da yawa ba su ma san da ita ba. An sa ta ne don ruwa ya riƙa cin ta maimakon ya ci jikin tankin. In ta zaizaye ta koma kamar tsinke, sauya ta, domin daga nan tsatsa ke farawa. Ni dai duk shekara nake dubawa.

Mayar da komai, ka cika hitar har ruwa ya zubo ta famfon zafi ba tare da tartsatsin iska ba, sannan ka kunna wuta. Saita zafin a digiri 60. Na san ana rage shi don kuɗin mita, amma ƙwayar cutar Legionella, mai haddasa ciwon huhu, tana yaɗuwa ne tsakanin digiri 20 zuwa 45, kuma ta feshin shaya ake shaƙar ta. Sai dai ruwa mai zafin 60 yana ƙona fatar yaro cikin daƙiƙoƙi, don haka a fara zuba na sanyi a bokiti kafin a sirka.