Gwaje-gwajen Furotin da Ke Nuna Inda Kansar Hanji Ta Dosa

Mai kansar babban hanji a nan Kebbi yakan iso asibiti a makare, bayan watanni ana ɗirka masa jiƙon basir. Da an tabbatar da cutar, a ɗebi jini a auna CEA tun kafin tiyata. CEA furotin ne da ƙwayoyin kansar ke zubawa a jini. In ya haura nanogiram 5 a mililita ɗaya, cutar ta fi saurin dawowa, sai a ƙara sa ido.

Wannan awon farko shi ne ma'auni, kuma shi aka fi mantawa. Bayan tiyata da mako 4 zuwa 6 a sake. In an kwashe ƙarin duka, lambar za ta sauko; in ta ƙi, mai yiwuwa akwai saura, galibi a hanta. Daga nan sai duk wata 3 zuwa 6 har shekara 2, sannan duk wata 6 har shekara 5. A tsaya a ɗakin gwaji ɗaya, don na'urori ba sa ba da lamba iri guda. Shan taba da ciwon hanta na ɗaga CEA ba tare da kansa ba, saboda haka hawa ɗaya bai isa a tayar wa iyali hankali ba. A maimaita, in ya ci gaba da hawa a yi hoton CT.

Sai tsokar da aka ciro. A cikinta ake duba furotin huɗu masu gyaran ƙwayar halitta: MLH1, MSH2, MSH6 da PMS2. Kusan kashi 15 cikin 100 na masu cutar sun rasa wani daga ciki. In cutar tana mataki na 2, irin waɗannan sun fi tsawon rai, kuma maganin kansa mai suna 5-FU shi kaɗai ba ya ƙara musu komai. Wani lokaci rashin na nuna cutar ta gado ce; in an tabbatar da haka, a duba 'yan'uwa.

A nan aiki ke lalacewa. Dole tsokar ta shiga fomalin (ruwan da ke hana ta ruɓewa) mai kashi 10 cikin awa ɗaya, ruwan ya ninka ta sau 10, a tsaga hanjin don ya ratsa. In aka zuba ta a ruwan gishiri, ko aka tsinka fomalin da ruwan famfo, aka ɗora wa ɗan'uwan majinyaci ya hau mota daga Yauri ko Zuru cikin zafin Afrilu, furotin ɗin ya ruɓe kafin a isa ɗakin gwaji a Sakkwato, sakamakon ya fito babu tabbas.