An sayar da bashin gidanka a Amurka: inda mutane suka fi yin kuskure

Duk wanda ya sayi gida da bashin banki a Amurka ya kwana da sanin cewa ba lallai bankin da ya ba shi kuɗin ne zai ci gaba da bin sa ba. Sayar da bashin gida ruwan dare ne, sau da yawa ga Fannie Mae ko Freddie Mac, manyan kamfanoni biyu masu sayen bashin gidaje daga bankuna, kuma ba a neman izininka. Haƙƙin da doka ta ba ka shi ne a sanar da kai a rubuce.

Tushen ruɗanin shi ne mutane na ɗaukar mai mallakar bashin da mai karɓar kuɗin wata-wata a matsayin kamfani ɗaya. Sau da yawa daban suke, kamar mai gida da dillalin da ke karɓa masa kuɗin haya. Idan mai bashin ne ya canza, wata doka ta 2009 ta wajabta wa sabon ya aiko maka da takarda cikin kwana 30, da sunansa da adireshinsa da lambar wayarsa da ranar da bashin ya koma hannunsa. An yi dokar ne bayan rikicin gidaje na 2008, lokacin da ake ƙwace wa mutane gidaje alhali ba su ma san wa ke bin su ba. To wannan takarda sanarwa ce kawai. Wasu da sun ga sunan Freddie Mac sai su riƙe kuɗin watan suna jiran sabuwar lambar asusu, nan kuwa inda suke biya bai canza ba.

Canjin mai karɓar kuɗi shi ne ke taɓa aljihunka, kuma wata dokar tarayya kan harkar bashin gida, mai suna RESPA, ce ke kula da shi. Tsohon kamfani zai sanar da kai aƙalla kwana 15 kafin ranar canjin, sabon kuma cikin kwana 15 bayanta, ko su haɗu su aiko da takarda guda tun kafin lokacin. Saboda haka idan wasiƙa ta zo daga kamfanin da ba ka sani ba tana cewa ka koma tura musu kuɗi, tsohon kuma bai ce uffan ba, dakata. Kira tsohon da lambar da ke jikin takardar lissafinka ta baya, kada ka kira wadda ke jikin sabuwar wasiƙar. 'Yan damfara sun iya buga tambari mai kyau.

Sai batun kwana 60. Daga ranar canjin har kwana 60, idan ka tura kuɗinka ga tsohon kamfani a kan kari, ba a yi maka tarar makara, ba a kuma ɗauke shi a matsayin jinkiri. Wasu ba su san haka ba, sai su biya tarar ba musu. Wasu kuma sun fahimci abin a baibai, sun ɗauka hutun wata biyu aka ba su. Dokar tana kare wanda ya biya a inda ba nan ba ne. Wanda bai biya ba sam, babu ruwanta da shi.

Idan bankinka ne ke tura kuɗin da kansa duk wata, kai za ka shiga ka sauya suna da lambar asusu. Ka kuma duba ajiyar da ake tara kuɗin harajin gida da inshora, ka kwatanta lissafin ƙarshe na tsohon kamfani da na farko na sabon, sannan ka gaya wa kamfanin inshorarka wa zai riƙa tura wa takardar biya. Idan inshorar ta yanke, sabon kamfani na iya ɗora maka tasa, wadda yawanci ta fi tsada nesa ba kusa ba. Kuɗin ruwa da yawan shekarun biya kuwa, sayar da bashi ba ya taɓa su.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne dogaro da waya. Mutum zai yi awa guda yana faɗa da ma'aikacin da gobe ba zai tuna da shi ba. Rubuta wasiƙa, ka sa sunanka da lambar bashin da ainihin kuskuren, ka aika ta adireshin da kamfanin ya ware don ƙorafi, wanda galibi ba shi ne na tura kuɗi ba. Dole su shaida maka sun karɓa cikin kwanakin aiki 5, su gyara ko su yi bayani yawanci cikin kwanakin aiki 30. Idan sunan mai mallakar bashin kawai ka tambaya, kwanakin aiki 10 gare su. Suka yi shiru, ka kai ƙorafi ta intanet ga CFPB, hukumar gwamnati mai kare haƙƙin masu mu'amala da bankuna da kamfanonin bashi, ka haɗa da kwafin wasiƙar da rasit ɗin gidan waya.