Kurakuran da aka fi yi wajen kwaikwayon zanen sinadarai a kwamfuta

A 1952 Alan Turing ya nuna da lissafi cewa sinadarai biyu da ke hulɗa da juna, suna kuma bazuwa, za su iya fitar da ɗigo-ɗigo ko ratsi-ratsi a wurin da a da launinsa ɗaya ne. Yau mai kwamfuta zai iya gwada wannan cikin awa guda, galibi da samfurin Gray da Scott. Sinadarai biyu ne a cikinsa. Akwai U, shi ne abincin. Akwai V, wanda idan biyunsa suka tarar da U guda sai su zama uku, wato yana haifar kansa da kansa. Ana ɗura U da saurin F, V kuma na gushewa da saurin F haɗe da k. Sauƙin rubuta shi ne ke rufta mutane, domin allon zai nuna maka abin sha'awa ko da lissafinka ya karkace.

Wanda ya fi kayar da sabon shiga shi ne takun lokaci, wato tsawon lokacin da kwamfuta ke tsallakawa a kowane zagayen lissafi. Idan kana amfani da hanyar Euler ta kai-tsaye, wadda ke fitar da sabon ƙima daga na zagayen baya kaɗai, a fili mai tsawo da faɗi, bai kamata takun ya wuce dx²/(4D) ba, inda dx ke nufin faɗin gidan raga, wato ɗaya daga ƙananan murabba'an da aka yanka filin, D kuma saurin bazuwar sinadarin da ya fi gudu. Ga yadda ake faɗawa: ka ga zanen ya fito da kaushi, sai ka rage dx da rabi don ya yi sumul, ka bar lokaci yadda yake. Bayan 'yan zagaye sai gidaje maƙwabta su fara saɓa wa juna, wannan fari wancan baƙi, daga nan lambobin su kumbura har kwamfuta ta kasa riƙe su. In ka raba dx biyu, raba takun huɗu. In hakan ya yi maka nawa, koma hanyar da ke warware bazuwar a dunƙule.

Sai masu kukan cewa babu abin da ya fito. Sun fara da U daidai da 1, V daidai da 0, sun yayyafa ɗan hargitsi, suna jira. Za su daɗe suna jira. A wannan samfurin, wancan yanayi tsayayye ne, ƙaramin taɓi mutuwa yake yi. John Pearson, a aikinsa na 1993, raga mai gidaje 256 sau 256 ya shimfiɗa, ya ware murabba'i mai gidaje 20 sau 20 a tsakiya, ya sa U rabi, V rubu'i, sannan ya ƙara hargitsin kashi 1 cikin 100 don ya karya daidaiton ɓangarorin. Bugu mai ƙarfi ake so tukuna.

Kada ka rubuta sabon ƙima a kan tsohon yayin da kake ratsa ragar, domin gidan gaba zai karanta wanda aka riga aka sauya, zanen ya riƙa jirkicewa gefe guda. Ajiye raga biyu. Haka kuma in ɗigonka na fitowa da kusurwa huɗu, duba ko maƙwabta huɗu kaɗai kake ƙirgawa. Ƙara na kwana-kwana su zama takwas, da nauyin da ya dace.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kiran kowane zane da sunan Turing. Sharaɗinsa a fili yake: yanayin ya kasance a natse in babu bazuwa, bazuwar ce za ta tayar da shi, kuma dole sinadarin da ke hana haɓaka ya fi wanda ke zuga ta saurin yaɗuwa. Ɗigon Gray da Scott da ke tsagewa biyu sau da yawa ba ta wannan ƙofar ya shigo ba, igiyoyin da ke kewayawa a haɗin sinadarai na Belousov da Zhabotinsky ma wani abu ne daban. Wannan bambancin gudu ne ya sa sai a 1990 ƙungiyar Patrick De Kepper a Bordo ta ƙasar Faransa ta ga zanen Turing na gaske a ɗakin gwaji. Sitacin da suka zuba don ya nuna launi ne ya riƙe aidin, ya rage masa gudu.

Kafin ka gaskata zanenka, ka matse ragar, ka rage takun, ka faɗaɗa filin, sannan ka auna tazarar da ke tsakanin ɗigo da ɗigo. In ta sauya, ragar ce ta zana shi.