Kurakuran da direbobin bas suka fi yi da kaka, musamman tsakanin Jos da Abuja

Da zarar an shiga Satumba sai ka fara jin wai watannin emba, wato Satumba zuwa Disamba, sun zo, hanya ta fara shan jini, kamar wasu aljanu ne ke fitowa kan kwalta. Ni dai abin da nake gani yanayi ne ke juyawa, damina na bankwana, hunturu na leƙowa, kaya da fasinja sun cika tasha, shi kuma direba yana nan yana tuƙinsa yadda ya saba.

Babba a cikin kurakuran shi ne sa mota a furi, wato cire giya, a gangara, wai ana tattalin mai. Duk wanda ya taso daga Jos ya wuce Riyom ya san abin da ke jiransa a Hawan Kibo, gangara ce mai tsawo ga kwana kwana, ga tireloli, kuma lokacin kaka motar ba wayam take ba, an danƙara mata buhunan dankali da kabeji da masara har but ba ya rufuwa sai da igiya. In ka cire giya, duk nauyin nan birki kaɗai ka bar wa. Kana takawa yana ɗaukar zafi, tun kana jin ƙauri har ka ji feda ta yi laushi tana tafiya ƙasa, lokacin kuma salati kawai ya rage. Gyaran ba wuya, tun kafin ka fara sauka ka dawo giya ta uku ko ta biyu, inji ya riƙe motar, birki kuma ka riƙa takawa kana saki, kar ka kwantar da ƙafa a kai. Kuma motocin yanzu masu injekta, in mota na cikin giya ka ɗaga ƙafa daga totur ita da kanta take yanke mai, to me ka tattala? Man birki ma yana jan danshi, in ya daɗe ga shi ya sha damina, a ce bakanike ya zubar ya sa sabo, ba ciko ba.

Sai hazo. Jos tana kan tudu, wajen mita 1,200, shi ya sa da asuba za ka tarar da hazo ya kwanta a hanya, daga Nuwamba kuma ƙurar hunturu ta karɓa, ga hayaƙin masu ƙona daji. Da yawa sai su kunna ful layit, alhali hasken dawo maka yake yi a ido, ka ƙara makancewa. Dim ake sawa, a rage gudu, a bar tazara. Wasu kuma su kunna dabul tirafiketa, wato sigina hagu da dama a tare, suna tafiya, na bayanka bai san ko tsayawa ka yi ko kwana za ka sha ba. In abin ya yi yawa ka sauka daga kwalta gaba ɗaya sannan ka kunna ta. Obatekin a cikin hazo kuwa ba ma sai an yi magana ba.

Gilashi ma yana yin gumi ta ciki, mutum 18 suna numfashi an rufe tagogi saboda sanyi, sai ka ga direba hannu ɗaya a sitiyari ɗayan yana goge gilashi da tsumman da ya duba baƙin mai da shi ɗazu, ya ƙara dama abin. Ka ɗan sauke gilashin gefe ko ka juya iskar mota ta bugi gilashin gaba, fasinja za su yi ƙorafin sanyi, a ba su haƙuri. Waifa kuma kar a kunna ta a kan busasshiyar ƙura, karce gilashi take yi, da yamma rana ta faɗo ƙasa ta haske karcen nan ba abin da za ka gani. A zuba ruwa a tankinta.

Ruwan Oktoba ya fi na Agusta yaudara, don yakan yi kwanaki bai sauka ba, ƙura da ɗigon mai sun taru a kwalta, yayyafin farko sai ya mai da hanya santsi. Ramukan da damina ta haƙa kuma suna nan, wani ya cika da ruwa ba ka san zurfinsa ba, kaucewa da gudu shi ke kai mutum hannun wani.

Taya: ana duba iska da safe kafin mota ta yi tafiya, ba bayan ka iso Akwanga ta yi zafi ba, kuma da ma'auni, ba mai faci ya buga mata ƙarfe ya ce oga ta yi ba. Sanyi na rage iska. A gefen taya bayan rubutun DOT akwai lambobi huɗu na ƙarshe, misali 3521 na nufin sati na 35 a 2021 aka yi ta, in ka ga ta tsufa ko gefenta ya tsattsage rabu da ita ko da zanenta na da kyau, ’yar gwanjo ta fi yin wannan.

Masu zirga-zirga a cikin gari su ma da nasu. Nyanya zuwa AYA a Abuja ko Taminus zuwa Bukuru a Jos, direba ya hango fasinja sai ya ci birki a tsakiyar titi ba sigina, kwandasta na rataye a ƙofa. Lokacin nan magariba na yi da wuri, tashin ma’aikata na haɗuwa da duhu, ga fitilar baya ɗaya ta mutu tun bara. A tudun Kugbo da ke tsakanin AYA da Nyanya, inda manyan motoci ke gangarowa, wannan tsayuwar gangancin tsaf za ta ja maka. Ƙwan fitila nawa yake?

Sai zancen gudu da son ƙarin sawu. Dokar Road Safety ga bas ita ce kilomita 50 a awa a cikin gari, 80 a babbar hanya, 90 a esfires, kuma tun 2017 aka fara tilasta wa motocin haya sa na’urar taƙaita gudu, amma wasu sai su je a kwance musu. Mutum ya je Abuja ya dawo ya ce sai ya ƙara komawa, ya haɗa da goro da shayi mai kauri, wani har da ƙwaya. Ido a buɗe amma kai na barci. In ka fara hamma ko ka kasa tuna garin da ka wuce yanzu, tsaya a Keffi ko Akwanga ka ɗan kwanta. Da dare kuma a kula da shanu, bayan damina makiyaya na tashi da garke suna tsallaka hanya, farar saniya ma ba ka ganinta da wuri balle baƙa. Lambar Road Safety ta gaggawa 122 ce, a ajiye ta a waya, yaron mota ma ya haddace.