Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe a darasin siffofin abu na kemistiri

Na daɗe ina koyar da 'yan aji ɗaya na babbar sakandare a Tudun Wada, kuma kusan kowace shekara wuri ɗaya suke faɗuwa. Ɗalibi ya haddace cewa canjin zahiri yana komawa yadda yake, na sinadari kuwa ba ya komawa, shi ke nan ya rufe littafi. To, kai masara inji a niƙa, ka mayar mini da ita tsaba mu gani. Ba za ta komu ba, amma garin nan masara ce dai, wato canjin zahiri ne. Tambayar da za ka riƙa yi ita ce: wani sabon sinadari ya samu? Kwanon rufi da ya yi tsatsa da damina ya haɗu da oksijin da danshi, jan abin da ke kansa ba ƙarfe ba ne kuma. Haka madara in ta zama kindirmo, bakteriya sun mayar da sukarin cikinta asid.

Tafasa ma tana ruɗa su. Wasu sukan rubuta wai ruwa ya rabu zuwa haidurojin da oksijin. A'a, tururi ruwa ne. Rufe tukunya ka ga ya ɗiga a murfi. Digiri 100 ɗin da ake haddacewa a matsayin zafin tafasar ruwa na bakin teku ne, a nan Kaduna da muke kan tudu yakan tafasa ƙasa da haka kaɗan. Matatar mai ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, da bambancin zafin tafasa aka tsara ta ware fetur da kananzir da dizal daga ɗanyen mai, kuma wannan matakin na zahiri ne.

Launi siffa ce ta zahiri, amma canjinsa yakan tona asirin wani abu. Zuba ruwan kanwa a zoɓo, jan ya juye ya yi duhu: sinadari ne ya yi aiki.

Sai masu cewa ƙarfe ya fi auduga nauyi. Kilo ɗaya kilo ɗaya ne. Densiti suke nufi, wato nauyin abu a raba da girman wurin da ya ci. Na ruwa giram 1 ne a kowace santimita kubik, na ƙanƙara kusan 0.92, shi ya sa take yawo a saman kofi.

In aka tambaye ka kyandir, kada ka zaɓi ɗaya: narkewarsa canjin zahiri ne, cin wutarsa na sinadari.